Jin Magana ta Ƙashin Kai

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, tare da Malam Bashir da Likita Amina. Yau batun na'urar ji ne da ake dasawa a ƙashin bayan kunne. Malam Bashir, toshe kunnuwanka da yatsu ka yi magana.

Bashir: To, na toshe. Ikon Allah, ai muryar tawa ma ta fi ƙarfi.

Amina: Ta ƙashin kanka ta bi ta isa kunnen ciki, ba ta bi ta ramin kunne ba. A kan wannan aka gina na'urar. Tana ɗaukar sauti ta mayar da shi girgiza, ƙashi ya kai girgizar har katantanwar kunne, wato sashen kunnen ciki da ke karɓar sauti.

Bashir: To Likita, duk mai matsalar ji za a yi wa?

Amina: A'a, kuma nan nake so mu tsaya sosai. Dole kunnen ciki ya kasance yana aiki, ko da na ɓangare ɗaya ne. Waɗanda take wa amfani su ne yaron da aka haifa ramin kunnensa a toshe, da mutumin da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har na'urar da ake cusawa cikin kunne take ƙara masa ciwo, sai wanda kunnensa ɗaya ya mutu gaba ɗaya. Shi na ƙarshen, ana ɗauko sautin daga ɓangaren da ya mutu a kai shi ga mai lafiya.

Hadiza: Yaran nan su suka fi tsaya min a rai. Yaro yana da kunnen ciki lafiya lau, amma magana ta yi masa nisa, ya makara wajen koyon ta.

Amina: Shi ya sa ba a jira. A Amurka sai yaro ya kai shekara 5 ake dasa masa, saboda ƙashinsa bai yi kauri ba. Kafin nan ana ɗaura masa na'urar da wani maɗauri mai laushi a kai, tun yana jariri. Babba ma haka ake gwada masa, ya ji da kunnensa ko ta yi masa, kafin ya amince a taɓa shi.

Bashir: Ita tiyatar fa? Jin an ce ƙashin kai kaɗai ya isa ya firgita mutum.

Amina: Ba a taɓa ƙwaƙwalwa, Malam. Ɗan sukuru ne na ƙarfen taitaniyom ake dasawa, tsawonsa milimita 3 zuwa 4. Babba sau da yawa allurar kashe zafi kawai ake masa, cikin ƙasa da awa ɗaya an gama, ya koma gida ranar. Sirrin yana ga ƙarfen. Per-Ingvar Brånemark, wani likita ɗan Suwidin, shi ya lura a shekarun 1950 cewa taitaniyom da ya sa a ƙashin zomo ya manne ya ƙi fita. A 1977 likita Anders Tjellström ya fara dasa wa mutane don ji, a birnin Gotenbag na Suwidin.

Hadiza: Sai a jona na'urar nan take?

Amina: Sai ƙashi ya kama ƙarfen tukuna. Babba makonni ne zuwa kamar wata 3, yaro yakan fi haka. Kuma iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙarfe da ke fitowa ta fata, irin samfurin Ponto, akwai wadda maganaɗisu ke riƙewa fata a rufe, irin Osia da Bonebridge.

Bashir: Ni dai da ni ne, rufaffiyar zan zaɓa.

Amina: Da yawa haka suke cewa, amma tiyatarta ta ɗan fi girma, kuma sai an sanar da likita kafin hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu. Mai fitowa ta fata kuwa tana son tsabta kullum. In aka yi sakaci wurin ya yi ja, ya kumbura, wani lokacin fata ta hau kan ƙarfen. A yara kuma, buguwa wajen wasa kan sa ƙarfen ya fita, sai a sake dasawa.

Hadiza: Mun gode, Likita. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.