Fodkas: Harafin K, daga kwabo zuwa dubu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau harafi ɗaya tal muka ɗauko, wato K. Malam Bashir, kai ka kawo shawarar, me ya jawo?

Malam Bashir: Wani tsohon littafina na firamare na tsinta a ƙasan akwati, an buga farashinsa a bango, 50k. Ɗana na gani ya riƙe baki, wai "Baba, wannan ɗan littafin ne dubu hamsin?" Na ce a'a, kwabo hamsin ne, sule biyar kenan.

Sani: Ai ba laifinsa ba ne, Malam. Mu da muka taso, in an ce 5k dubu biyar muka sani.

Malam Bashir: To ka gani. Tun 1973 da aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, k na kwabo ne. Kwabon ya ɓace a kasuwa, sai dubu ta gaje kujerarsa.

Hadiza: Amma ina ruwan dubu da K? Babu shi a kalmar ko da Turanci.

Malam Bashir: Daga kilo ne, asalinsa kalmar Girkanci mai nufin dubu. Kilon nama giram dubu, kilomita mita dubu.

Hadiza: Ni K ɗin da na sani na gwal ne. Idan ana haɗa lefe za ka ji ana ta 18K da 21K.

Sani: Sarƙar dubu ashirin da ɗaya? Ashe da sauƙi!

Hadiza: Allah ya shirye ka, Sani. Karat ne, ma'aunin tsarkin gwal. Tsantsarsa 24 ne. 18K na nufin kashi 18 cikin 24, wato uku bisa huɗu gwal ne, saura wasu ƙarafa aka gauraya don ya yi ƙwari. Tsantsar ta cika laushi, lanƙwashewa take yi.

Malam Bashir: Wanda ya fi burge ni na ajin kimiyya ne. Sinadarin fotashiyam da P ya fara a Turanci, amma alamarsa K ce, daga kalium, wanda ya samo asali daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai. Humphry Davy ne ya fara ware shi a 1807. Ruwan tokar nan da iyayenmu mata ke tacewa su yi sabulun salo, shi ne a ciki.

Sani: Bitamin K fa?

Malam Bashir: Shi ke taimaka wa jini ya daskare in an ji ciwo. Wani ɗan Denmak, Henrik Dam, ya gano shi, kuma kalmar daskarewar jini a Jamusanci da K take farawa.

Sani: Ni dai wanda na tsana shi ne in rubuta saƙo zungurere a WhatsApp, a mayar min da "K" kawai.

Hadiza: Wannan ai fushi ne, ka binciki kanka. Amma Malam, mun manta namu mai ƙugiya.

Malam Bashir: Af, ƙ! Ranar nan ƙanwata ta turo min "baki sun cika gida". Wayarta ba ta da ƙugiya, sai da na karanta sau biyu kafin na aika yaro sayo lemo.