Yadda ake jera maƙaloli cikin rukuni a Wikipedia ta Hausa

Assalamu alaikum. Ku buɗe kowace maƙala a Wikipedia ta Hausa, ku gangara har ƙasan shafin. Ɗan layin nan da kuke gani shi ne na rukunoni. Aikinsa ɗaya da na kantoci a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru: littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba yana nan, amma mai nema ba zai same shi ba.

Ga yadda ake sakawa. Ku danna gyara, ku shiga gyaran tushe (inda ake ganin rubutun shafin da alamominsa), ku je layin ƙarshe. Ku buɗe baka mai kusurwa guda biyu, ku rubuta Rukuni, ɗigo biyu, sai sunan rukunin, ku rufe da baka biyu. Misali, maƙalar marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, sai a rubuta [[Rukuni:Sarakunan Zazzau]]. Kowane rukuni a layinsa. Ku adana. Idan sunan ya fito da shuɗi, rukunin yana nan. Idan ya fito ja, ba a ƙirƙiri shafinsa ba tukuna, ko kuma kun yi kuskuren harafi.

To, a nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa, don haka mu ɗan tsaya. Manhajar ba ta san cewa Zaria da Zariya gari ɗaya ba ne. Wani ya buɗe "Mutanen Zaria", wani ya buɗe "Mutanen Zariya", wani kuma "Mutane daga Zariya". Shi ke nan an raba mutanen gari ɗaya gida uku. Haka ma haruffa masu lanƙwasa: "Ƙananan hukumomi" da "Kananan hukumomi" rukunoni biyu ne daban a wajenta, saboda wani ya rubuta da wayar da ba ta da ƙ. Babban baƙi da ƙarami ma suna rabawa, in dai ba harafin farko ba ne. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Idan kun buɗe rukuninsu kuka tarar da ƙasa da haka, kada ku yi saurin cewa ba a rubuta sauran ba. Wataƙila suna can ƙarƙashin wata rubutawar.

Maganin shi ne bincike kafin ƙirƙira. Ku nemo maƙala mai kama da taku, ku kwafi sunan rukuninta harafi da harafi. In kun kunna HotCat, wani ɗan kayan aiki na saka rukuni, a zaɓuɓɓukanku, yana nuna muku sunayen da ke akwai tun kuna cikin rubutawa. Idan kuwa an riga an raba, tura shafin wani rukunin zuwa ɗayan kaɗai ba ya wadatarwa: sai an bi maƙalolin an canza sunan a cikin kowacce, sannan a nemi mai gudanarwa ya goge wanda ya zama fanko.

Sai batun uwa da 'ya. Shi ma rukuni ana saka shi cikin wani rukunin. "Ƙofofin Zariya" ya shiga "Zariya", shi kuma ya shiga "Jihar Kaduna". Saboda haka maƙalar Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ta tsaya a mafi kusa da ita, ba sai an ƙara mata Kaduna da Najeriya da Afirka ba. Shafin rukuni yana nuna maƙaloli 200 ne a lokaci guda, kuma wanda aka cika maƙil ba ya amfanar kowa. Ku kuma tabbatar da abin da kuke sakawa. Babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana Samaru ne, a ƙaramar hukumar Sabon Gari, duk da kowa Zariya yake cewa. Rukuni ma da'awa ce, dole ta kasance a cikin maƙalar da hujjarta, musamman a kan addini ko ƙabilar mutumin da yake raye.

Jerin haruffa kuma: idan taken ya fara da Alhaji ko Malam, mutumin zai faɗa ƙarƙashin A ko M. Ku sa sanda a tsaye, wato alamar |, bayan sunan rukunin, ku rubuta sunan da kuke so a jera shi da shi.

Abu na ƙarshe da ke yawan kama sababbin editoci shi ne shafin gwaji, inda edita ke tsara maƙala kafin ya fitar da ita. Muddin maƙala tana can ba a kammala ba, ku sa ɗigo biyu kafin kalmar Rukuni, wato [[:Rukuni:Sarakunan Zazzau]]. Hakan zai mai da shi mahaɗi kawai, shafin gwajinku ba zai bayyana cikin jerin sarakuna ba. Ranar da kuka mayar da maƙalar babban fili, inda sauran maƙaloli suke, sai ku cire ɗigon.