Amsoshin Tambayoyinku: daga ina kalmar "dugnad" ta fito?

Masu sauraro, lokaci yana neman ƙure mana, bari mu ɗan yi sauri.

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambayar ma'anar sunan ƙasar Norwe. Galibin masana sun ce "hanyar arewa" ke nan, wato hanyar da jiragen ruwa ke bi ta gaɓar teku. Ɗalibi, don Allah ka riƙa gyara rubutunka, da ƙyar muka karanta.

Sai wasiƙar wata 'yar uwa da aure ya kai ta Oslo, babban birnin Norwe. Ta ce an liƙa takarda a ƙofar gidansu an rubuta "dugnad", hankalinta ya tashi, ko tara aka ci su? Wasu ma sun taɓa aiko da irin wannan. Malam, bismillah.

"To, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kalmar ta fito ne daga tsohon harshen kakannin mutanen Norwe, inda ake cewa dugnaðr, wato taimako. Tushenta shi ne duga, a ce mutum ya yi amfani, ya isa a dogara da shi. Jamusawa ma suna da 'yar uwarta, taugen, kuma daga nan suka sami Tugend, nagarta ke nan. Kin ga a wurinsu nagarta da amfanar jama'a uwarsu ɗaya. A ƙauyukan Norwe na da, in za a yi rufin ɗaki ko yankan ciyawa, maƙwabta ke taruwa, ba ko sisi, mai aikin ya ciyar da su. Su kuma Jamusawan..."

Malam, dakata, ai aikin gayya kake faɗa mana! Na maimaita, Hajiya: ba tara ba ce, gayya ce. Gayyar shara da fenti da gyaran harabar gida, yawanci kafin ranar ƙasarsu, 17 ga Mayu. A 2004 masu kallon NRK, gidan talabijin na ƙasar Norwe, suka zaɓi "dugnad" a matsayin kalmar ƙasa, a 2020 kuma Firaministar lokacin, Erna Solberg, ta yi kira da ita lokacin korona.

Ni dai shawarata, kada ki noƙe a ɗaki, ke da kika tashi a garin da ake kiɗan gayya a gona. Ki ɗaura ɗamara ki ɗauki tsintsiya. In an gama sukan zauna shan kofi, sai ki soya musu ƙosai ki fito da shi.