Hajiya ta dawo daga Porvoo, garin da kowane titi sunansa biyu

Malam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To yau kujerar nan da ta daɗe babu kowa ta samu mai ita. Hajiya sannu da zuwa. Ya hanya, ya kika baro mai jego da jaririya?

Hajiya: Lafiya ƙalau Malam, alhamdulillahi. Suna gaida kowa da kowa.

Auta: Anti, ni dai kafin a yi nisa. Hoton nan da kika ɗora a WhatsApp, na jajayen gidaje a bakin ruwa. Wallahi tun ranar wayata ba ta huta ba. Kowa tambayarsa a ina ne, har wani abokina ya rantse min wai kwamfuta ce ta haɗa shi.

Hajiya: Babu wata kwamfuta, da wayata na ɗauka ina tsaye a kan gada. Garin sunansa Porvoo, a ƙasar Finlan, wajen kilomita 50 gabas da Helsinki, babban birnin ƙasar. Surukina ne ya ce, Mama tun da kika zo kina ɗaki ke da jaririya, yau sai kin sha iska. Muka hau bas, kamar awa ɗaya sai ga mu.

Auta: Kamar daga nan zuwa Wudil ke nan.

Hajiya: Kusan haka. Kuma garin bai fi mutum dubu 50 da 'yan kai ba.

Malam: Ai unguwa ɗaya a nan ta shanye shi.

Hajiya: Ta shanye shi ta sha ruwa. Amma ka ga Malam, a duk ƙasar, in ka cire garin Turku, shi ake lissafawa mafi daɗewa. Jajayen gidajen nan da ake ta tambaya ba gidajen kwana ba ne tun asali, ɗakunan ajiya ne na fatake. Jirgin ruwa zai shigo daga teku ya biyo kogin, ya tsaya a ƙofarsu ya sauke kaya. Duk da katako aka yi su. Ana cewa an shafa musu jan fentin ne don tarbar sarkin Suwidin, Gustav na Uku, kuma tun daga nan ba su sauya launi ba. Na je har jiki na taɓa bangon ɗaya. Katakon ya tsattsage, fentin ba ya sheƙi, kamar jar ƙasa aka kwaɓa aka shafa. In ka haura daga bakin ruwan sai lunguna, 'yan siririya, an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu. Takalmina mai ɗan tudu ne, sai da na riƙe hannun surukina.

Auta: To ni abin da ya ɗaure min kai hoto na biyu ne. Allon titi, rubutu biyu, na sama da na ƙasa.

Hajiya: Yauwa! Abin da ya sa na ce a yi wannan hirar ke nan. Garin kansa sunansa biyu. Masu yaren Finlan suna cewa Porvoo, masu yaren Suwidin suna cewa Borgå. Kowane titi haka, kowane allo na hukuma haka, tashar bas haka. Wajen mutum uku cikin goma na garin yaren Suwidin suka tashi da shi a gida. Kuma ƙa'idarsu, yaren da ya fi yawan masu shi a gari shi ake sawa a sama, ɗayan a ƙasa. Babu rigima, lissafi ne.

Malam: Bari in ɗan sa baki a nan, don kar a ɗauka baƙi ne suka shigo jiya. Finlan ta yi shekara sama da 600 a ƙarƙashin Suwidin. A 1809 Rasha ta karɓe ta, kuma a garin nan da Hajiya ta je aka yi babban taron, Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya ya zo da kansa ya yi alkawarin barin su da dokokinsu da addininsu.

Hajiya: A cocin da ke kan tudu. Na gan shi, fari ne, rufinsa baƙi mai tsini. An taɓa cinna wa rufin wuta a 2006, suka gyara shi yadda yake suka sake buɗewa a 2008.

Malam: To da suka samu 'yanci a 1917, sai suka riƙe yarukan biyu a matsayin na ƙasa, alhali masu yaren Suwidin a yanzu wajen biyar cikin ɗari ne kawai a duk ƙasar.

Hajiya: Biyar cikin ɗari fa, Auta! Amma tsohuwa in ta shiga ofishin gwamnati ko kotu, haƙƙinta ne a yi mata magana da yaren da uwarta ta yi mata. Ba alfarma ba ce. Ni da idona na gani a wani ɗan shagon shayi. Yarinyar da ke sayarwa ta gaida wani dattijo da yare ɗaya, ya amsa da ɗayan, nan take ta juya harshe ta bi shi, ko ɗagowa ba ta yi daga kofin da take zubawa ba. Da ta zo kaina ta koma Turanci. Wallahi sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya, na tuna kakarku, Auta. Na taɓa raka ta wani asibiti a garin nan, aka miƙo mata takarda duk Turanci, maganin ma bayaninsa Turanci. Matar da ta haddace izu sittin, take karanta ajami kamar ruwa, ta tsaya tana juya takarda tana neman wanda zai karanta mata. A Kano fa. Garin da likitan Bahaushe, mai ba da maganin Bahaushe, mai gadin ma Bahaushe.

Malam: Wannan gaskiya ne, kuma ba wai doka ce ta hana ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 55, ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a cikin yarukan da za a iya aikin majalisar tarayya da su. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi dama su ƙara yarensu. Mu ne dai...

Hajiya: Mu ne muke jin kunya. A kasuwa Hausa, a rediyo Hausa, a masallaci Hausa, amma da zarar an ɗauko biro sai a ce sai Turanci.

Auta: Ajamin kuɗi ma ai an rage shi. Tun 2007 aka cire daga naira biyar zuwa hamsin.

Malam: Amma Hajiya, su ma can fa ba a rasa masu ƙorafi. Dole ne kowane ɗalibi ya koyi ɗaya yaren a makaranta, kuma akwai masu cewa me zai sa a tilasta musu yaren Suwidin alhali a garinsu ba mai yin sa.

Hajiya: Akwai, surukina ya faɗa min. Su yi ta gardamarsu, ai gardamar masu abu ce. Ni dai na ga allon, na ga dattijon an yi masa magana da yarensa.

Auta: To Anti, a bar maganar allo tukuna. Ance kin shiga sauna.

Hajiya: Kai Auta! Wa ya faɗa maka?

Auta: Majiya mai ƙarfi.

Hajiya: To na shiga, na mata ne, a ginin da su mai jego suke. Kuma ku tsaya ku ji abin mamaki. Ɗaki ne na katako, da murhu an jibga duwatsu sun yi zafi jau, ana watsa musu ruwa tururi yana tashi. Sai ga wata dattijuwa da damin ganye ta jiƙa shi a ruwan ɗumi tana fyaɗa wa jikinta. Na ce la ilaha illallahu, wannan ai wankan jego ne!

Malam: (dariya) Da ganyen darbejiya?

Hajiya: Nasu wani icce ne mai farin ɓawo, amma fyaɗin iri ɗaya ne sak. Har aka ce min a da can a cikin saunar matansu suke haihuwa, don nan ne ɗaki mafi tsafta kuma mai ɗumi. Kuma ni da na tafi ina tunanin ina zan samu itace da tukunyar da zan dafa wa yarinyar nan ruwa.

Auta: Ashe ƙasar gaba ɗaya jego suke yi.

Malam: Maza da mata!

Auta: Har da shugaban ƙasa!

Hajiya: Sauna wajen miliyan uku aka ce suna da ita, su kuma ba su kai miliyan shida ba.

Auta: To kunun kanwa fa? In sun fito suna sha?

Hajiya: Kofi suke sha. Ban taɓa ganin masu shan kofi irinsu ba.

Auta: Ai shi ya sa. Malam, mu buɗe harkar nan. Mu tura musu kanwa ungurnu da gero, a rubuta a jikin leda, na bayan sauna.

Malam: Da yare biyu za a rubuta, kar ka manta.

Auta: Uku, har da ajami. Anti ce wakiliyarmu a Helsinki.

Hajiya: Ni ba ruwana, kar ku ja a hana ni biza.

Auta: A haɗa da ƙauri, irin na ƙafar saniya, ya ji yaji da daddawa. Mutum ya fito daga tururi a ajiye masa kwano.

Malam: Auta, yunwa kake ji ne?

Auta: Tun ɗazu.

Malam: To tunda an zo nan, Hajiya, masu saurare da yawa sun tambaya, Musulmi in ya je me zai ci?

Hajiya: Kifi. Suna da wata miyar kifi da dankalin turawa da madara, da baƙin burodi a gefe, ita na sha kuma ta yi daɗi, sai dai babu yaji ko kaɗan, ka tafi da naka a jaka. Akwai kamfanin cakulan Brunberg, tun 1871 yake garin, shagonsu cike da mutane, nan na sayo tsarabar da kuka cinye. Sannan akwai wani ɗan kek da garin ya yi suna da shi, an sa masa sunan Runeberg, babban mawallafin waƙoƙinsu da ya zauna a garin har ya rasu a 1877. Shi ya rubuta baitocin taken ƙasar, kuma da yaren Suwidin ya rubuta su. Amma a yi hattara da kek ɗin, wasu suna jiƙa shi da giya. Ka tambaya kafin ka saya, za su faɗa maka gaskiya.

Auta: Sallah fa?

Hajiya: A nan ne ido yake raina fata. Lokacin zafinsu na je, rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗayan dare. Muna zaune a bakin kogin nan, agogo ya ce tara, gari tarwai kamar bayan la'asar. Magariba da isha da asuba duk sun matsu wuri guda. Na ce Allah ya saka wa masu azumi a nan in ya faɗo a wannan lokacin.

Malam: Amin. Ni abin da ya tsaya min a rai tsohon garin ne. Gidajen katako, a ce suna nan har yau.

Hajiya: Kuma ba wai gobara ba ta taɓa su ba. A 1760 wuta ta cinye wajen kashi biyu cikin uku na garin, suka sake ginawa a kan lungunan da suke tun farko. Da aka zo faɗaɗa gari daga baya, sai aka shata sabon a gefe, da miƙaƙƙun tituna, aka bar tsohon. Mutane a ciki suke zaune fa, da labulensu da kekunan yaransu a ƙofa. Ni kuma ina tsaye a gadar nan Jakara ce ta faɗo min. Kasuwar Kurmi a bakinta aka kafa ta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ita ma fatake ta tara, kuma har daga hamada. Yau wa zai kai baƙonsa bakin Jakara ya ce zauna ka sha iska? Ganuwa kuma kullum sai ka ga an ɗan ƙara gutsure ta. Abin yana min ciwo Malam, don abin da muke da shi bai gaza nasu ba ko kaɗan.

Malam: Ai kuwa dama abin da muka shirya rufewa da shi ke nan, mu duba a kusa da mu ina ne mutum zai je ya yini ya dawo. Na rubuto Wudil, ga kogi, ga kasuwar shanu ranar Juma'a, ga Hausa ga Fillanci, sannan Tiga da...

Auta: Malam, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mana hannu. An kira magariba a masallacin baya.

Malam: Subhanallah, har lokaci ya yi? To kuɗin jirgi da maganar biza da aka turo tambayoyi a kai fa?

Hajiya: A bari sai mako mai zuwa, zan zo da takardun duka.

Auta: Da sauran cakulan.

Hajiya: Babu saura, kai ka cinye.

Malam: To jama'a, wanda ya san Wudil ciki da bai ya turo mana saƙo. Mu tashi kar a tayar babu mu. Assalamu alaikum.