Ni na ce "ji", ita ta rubuta G

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman na gida Birnin Konni da ke ta tambaya ko zafin Sakkwato ya cinye ni. Ina nan lafiya. Yau a tsakar gida muke, nan Mabera, an yi la'asar, inuwa ta sauko. Ga tabarma, ga tire cike da yashi, ga kuma ɗalibata 'yar shekara 4 da ke hararar kyamara.

Bari in fara da abin kunyar da na yi makon jiya. Na ce mata, "Rubuta min ji." Ta zana G, ta kalle ni tana jiran tafi. Na ce ba shi ba ne, ta goge, ta sake zana G. Har na fara ɗaga murya, sai babanta ya leƙo ya ce, "Ke ce ba ki iya ba." Ashe da gaskiyarsa. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, a Nijar, da Faransanci J ne "ji", G kuma "je". Da Turancin nan Najeriya an juya su, G ne "ji". Yarinya ta bi malamarta, ni na bi mushe, wato malaminmu na aji ɗaya. Tun ranar na bar kiran sunan baƙi, sautinsa nake kira: j na jaki, g na gero.

Ku matso ku ga tiren nan. Da yatsa take rubutu, in ya karkace a girgiza, shi ke nan, ba kukan an ɓata littafi. Ƙananan baƙaƙe muka fara, ko da yake makarantarsu manya suka sa gaba. Ku buɗe kowane littafi ku duba, kusan duka ƙanana ne, babba sai a farkon jimla ko farkon suna. Nata sunan da H ya fara, to wannan babban ta riƙe shi kamar gadonta, ko a jikin keke Napep ta hango shi sai ta yi ihu.

Wasu ba su da wahala: c, o, s, w, z, babban da ƙaramin kamar uwa da 'yarta ne, girma kawai ya raba. Rigimar tana wajen b da d. Sanda ɗaya, ciki ɗaya, wannan ya duba dama wancan hagu. Ga shi da safe ana ce mata ta fara daga hagu, da yamma a Islamiyya daga dama. Dole ta rikice. Na raba su, wannan makon b kaɗai, d sai ya jira.

Sannan namu na Hausa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, waɗanda babu su a jadawalin baƙaƙe 26 da na saya a kasuwa. Da biro na ƙara su a ƙasa. Ku lura, ƙugiyar ƙaramin ɓ dama ta lanƙwasa, ta babban Ɓ kuma tana hagu. Har da ƴ na gida na sa, wanda nan suke rubutawa 'y.

Ga Inna ta fito, kakarta. Inna, ina wuni? Kun ji abin da ta ce? "Wanga wane irin karatu na, baƙi da babba da ƙarami?" A allo ita babbaƙu ta sani da farfaru, Larabci ba shi da babban baƙi. Na ce, "Inna, ai baƙin 'ba' ɗinku ma kamarsa uku, ta farko daban, ta tsakiya daban, ta ƙarshe daban." Ta yi dariya, ta ce kishiyarta ta zo ta zana mata nata.

Ga ta can ta ɗauki tiren. Kai, a hankali, yashin zai zube a tuwo! Bari in ajiye wayar nan.