Alawar Mepul da Wolnat Irin ta Mutanen Kebek

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina yi muku sallama daga Montiriyal ta ƙasar Kanada. Disamba ta kama, sanyi ya sauka sosai, kuma a nan lardin Kebek wannan ne lokacin da gidaje ke haɗa kayan zaƙi na hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, a kai wa maƙwabta da abokan aiki. Yau za mu yi ɗaya daga ciki, wadda ake kira faj, ta ruwan mepul da wolnat, wato wani ɗan itace mai ɓawo da ake cin ƙwayar cikinsa kamar gyaɗa. Wanda ya san alawar madara ya kusa gane ta, sai dai wannan ta fi maiƙo da laushi, tana taɓa harshe take narkewa.

Ga kayan a gabana. Gwangwani ɗaya na ruwan mepul, mililita 540, shi ne girman gwangwanin da aka saba sayarwa a nan. Kirim mai kauri mililita 250, wanda aka rubuta kashi 35 a jikinsa, wato yawan maiƙonsa. Man shanu marar gishiri giram 45, wato babban cokali uku. Gishiri kwatan ƙaramin cokali. Sai wolnat giram 100 zuwa 120. Babu sukari, babu ruwa, babu komai bayan waɗannan. Wasu na sa banila, ni ba na sawa: ƙamshin mepul ya wadatar, kuma banilar ruwa da ake sayarwa a shagunan nan galibi da barasa ake haɗa ta.

Bari mu tsaya a kan ruwan mepul ɗin, don nan ake fara yin asara. Ruwa ne da ake tatsa daga jikin bishiyar mepul a ƙarshen sanyi, wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ke narkarwa. Sai an dafa kusan lita 40 na ruwan bishiyar kafin a samu lita ɗaya, shi ya sa yake da tsada. Kebek kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda duniya ke sha. A shago za ku ga wata kwalba mai araha kusa da shi, wadda ake zuba wa fankek. Kada ku ɗauko ta. Yawanci ruwan sukarin masara ne aka sa wa kala da ƙamshi, kuma ko kwana za ku yi kuna tuƙawa ba zai daskare ba. Ku juya bayan gwangwanin ku karanta, abin da ke ciki ya zama mepul zalla.

Shi kansa na gasken launi huɗu ne: mai ruwan zinare, mai ruwan zuma, mai duhu, da mai duhu sosai. Na biyun nake ɗauka. Mai ruwan zinare yana daskarewa da kyau amma kirim kan danne ƙamshinsa. Masu duhun kuwa sun fi ƙamshi, sai dai sau da yawa wani ɓangare na sukarinsu ya riga ya rabu ya koma irin wanda ba ya yin ƙwaya, alawar sai ta tsaya da danƙo. Wannan dalilin ne kuma ya sa zuma ba za ta maye gurbin mepul a wannan haɗin ba.

Kafin a kunna wuta, a gama da wolnat. Ku baza shi a faranti, ku sa a obin mai zafin digiri 175 a ma'aunin Salshiyas na minti 7 zuwa 8, har ƙamshi ya tashi. Ɗanyensa yana da ɗan ɗaci da bauri, gashin ne ke kashe su. Idan ya huce ku kakkarya da hannu, kada ku niƙa. Ku ɗanɗana guda ɗaya tun kafin ku gasa, don wolnat mai yawan mai ne, idan ya daɗe a ajiye yakan yi ɗoyin tsohon mai, kuma zai lalata duk tukunyar. Pikan, wani ɗan itace dangin wolnat, shi ma yana yi, ya fi zaƙi. Gyaɗa soyayyiya tana shiga, amma ƙamshinta yana rinjayar mepul ɗin da kuka kashe wa kuɗi.

Ku shirya mazubi, irin na burodi mai tsawon santimita 23 da faɗin 13. Ku shimfiɗa takardar gashi ta leƙo ta gefe biyu, don ku samu abin kamawa wajen ɗagowa. Yanzu ake yin wannan, domin idan lokacin juyewa ya zo ba za ku samu ko minti ɗaya ba.

Tukunyar ta zama mai kaurin gindi, mai cin lita 4 zuwa 5. Na san za ku ga haɗin ko kwatan tukunyar bai kai ba. Ku bari ya fara tafasa ku gani, kumfarsa tana ninkawa uku ko fiye, ƙaramar tukunya tumbatsa za ta yi a kan murhu. Ku ɗan shafa man shanu a bakin tukunyar ta ciki, yana rage hawan kumfar.

Sai ma'aunin zafi, wanda shi ne ginshiƙin aikin nan. Ku fara gwada shi a tafasasshen ruwa. A nan Montiriyal, da yake ba mu da tudu, ruwa yana tafasa a digiri 100. Wanda ke birnin Kalgari a nan Kanada, ko mai kallonmu daga Jos, zai ga nasa ya tsaya wajen 96, saboda a kan tudu ruwa yana saurin tafasa. Duk lambar da ma'auninku ya nuna, ku ƙara mata 14, nan za ku sauke alawar. A wurina 114 ke nan. Wanda ke kan tudu ya bi 114 ɗin ido rufe, dutse zai sauke.

To bismillah. Na zuba mepul da kirim da gishiri, wuta matsakaiciya, ina juyawa a hankali har su haɗe. Da zarar ya fara tafasa, ku cire cokalin, kun gama juyi har sai an zo tuƙi. Ku rufe tukunyar minti 2, tururin zai wanke sukarin da ya fantsama a jikinta. Sai ku buɗe, ku maƙala ma'aunin yadda bakinsa zai nutse a haɗin ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, in ya taɓa zafin ƙarfe zai ba ku.

Ku matso ku ga yadda tafasar ke canzawa. Da farko kumfa ce fara, ƙanana, tana hawa da sauri. Ma'aunin zai daɗe yana jan ƙafa tsakanin 104 da 108, har mutum ya ɗauka ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ke fita. Kada ku ƙara wuta don gaggawa, kirim zai kama gindi ya yi ƙauri, kuma ƙauri ba ya gyaruwa. Can sai kumfar ta sauka, ƙwayoyinta su yi manya, su riƙa fashewa da nauyi, launin ya koma ruwan ƙasa mai haske. Daga 110 zuwa 114 kuwa gudu yake yi, nan ba a matsawa ko'ina. Duka dahuwar takan ɗauki minti 20 zuwa 30, gwargwadon murhu da faɗin tukunya, amma ma'auni za ku bi, ba agogo ba. Ku janye yara daga kicin a wannan lokacin, sukari mai wannan zafin idan ya ɗiga a fata mannewa yake yi.

Wanda ba shi da ma'auni, ya ajiye kofin ruwan sanyi a kusa. Ya ɗiga rabin ƙaramin cokali a ciki, ya sa yatsu ya tattaro. Idan ya narke ya bi ruwan, bai yi ba. Idan ya dunƙule ya zama ɗan curi mai laushi, wanda in an fito da shi yake bajewa a kan yatsa, ya yi. Idan curin ya tsaya da ƙarfinsa, an wuce. Ku riƙa sauke tukunyar yayin gwajin, don kafin ku gama taɓawa ta ƙara digiri ɗaya ko biyu.

Ga mu a 114. Na sauke a hankali, na ɗora man shanun a kai, ban juya ba. Zai narke da kansa ya rufe saman, ya hana shi yin fata.

Yanzu aikin shi ne a bar ta. Kada a juya, kada a girgiza, kada a ja tukunyar daga nan zuwa can, har zafin ya sauko digiri 43 zuwa 45. Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Ga dalilin, kuma wanda ya riƙe shi ya iya faj. Abin da ke cikin tukunyar nan sukari ne da ya fi ƙarfin ɗan ruwan da ya rage, yana neman dalilin komawa ƙwaya. Idan kuka juya da zafinsa, ƙwayoyi kaɗan ne za su fara fitowa, kuma da yake haɗin yana da ruwa-ruwa, sauran sukarin zai yi ta taruwa a jikinsu har su yi girman da harshe zai ji. Ita ce alawar da ke yin tsaki-tsaki a baki. Idan kuka jira ya huce ya yi kauri sannan kuka tuƙa, ƙwayoyin za su fito da ɗimbin yawa a lokaci guda, ba wadda za ta samu sararin girma, sai alawar ta fito sumul. Ƙwayar sukari guda da ta faɗo daga jikin tukunya ko daga busasshen cokali ta isa ta tayar da wannan aikin kafin lokacinsa, shi ya sa muka rufe tukunyar ɗazu, shi ya sa kuma cokalin farko ba ya komawa ciki sai an wanke shi.

Mai sauri zai iya dasa gindin tukunyar a cikin ruwan sanyi. Yana rage jira, amma gefe yakan riga tsakiya hucewa, wurin tuƙi sai a sha wuya. A ganina jiran ya fi.

Ta sauko 43. In babu ma'auni, ku taɓa gindin tukunyar da tafin hannu, ɗumi za ku ji, ba zafi ba. Ku ɗauki muciya ko cokalin katako mai ƙarfi ku fara tuƙi. Ku dubi yadda take yanzu, duhu gare ta, tana sheƙi, tana jan zare. Minti biyar na farko kamar ba abin da ke faruwa, hannu ne kawai ke gajiya. Ku ci gaba. Tsakanin minti 7 zuwa 12 launin zai fara haske, sheƙin ya dusashe, muciyar ta riƙa barin sawu wanda ba ya rufewa nan take. Wannan ita ce alamar. Ku zuba wolnat, ku juya sau uku ko huɗu, ku juye a mazubi, ku danna saman da bayan cokali. Idan kuka ƙara minti ɗaya a nan, a cikin tukunyar za ta daskare. Injin buga kek yana yi a ƙaramin gudu, amma ku kashe shi da zarar launin ya fara sauyawa ku ƙarasa da hannu, don da inji ba a jin lokacin da ta yi nauyi.

A bar ta a kan tebur awa 2 zuwa 3, ba a firij ba. Sannan a ɗago da takardar, a yanka da doguwar wuƙa da aka tsoma a ruwan zafi aka goge. Ku yi yanka ƙanana, santimita biyu da rabi, zaƙinta yana da ƙarfi. Wannan awon zai ba ku sama da guda 40. Ku duba cikin wannan yankan: babu sheƙi, babu ƙwaya, wuƙar ta wuce ba ta farfashe gefen ba.

Idan taku ta kwana ba ta daskare ba, ko dai ba ta kai zafinta ba, ko an daina tuƙi da wuri. Idan ta yi tauri tana marmashewa, ta wuce wuta. Idan mai ya taso a sama, yawanci wutar ce ta yi yawa. Duk waɗannan, har da mai tsaki-tsaki, ba a zubarwa. A mayar da ita tukunya da ruwa mililita 125, a ƙaramar wuta, a juya har komai ya narke ba sauran ƙwaya ko ɗaya, sannan a sake dafawa zuwa 114, a jira, a tuƙa. Launin zai ɗan ƙara duhu, wolnat ɗin da ke ciki zai rage ƙarfi, amma alawar za ta fito. Ranar da ake ruwa ko kicin ya cika da tururin girki, ku ƙara digiri ɗaya, don sukari yana jan laima daga iska.

Wanda bai samu kirim ba, madarar gwangwani marar sukari tana yi, gidaje da yawa a nan da ita suke yin tasu. A sa awo ɗaya da na kirim, a ƙara man shanu babban cokali biyu, a kuma rage wuta, don ta fi saurin kamun gindi.

Wajen ajiya, a sa ta a roba mai murfi da ke rufuwa ruf, a raba kowane layi da takardar gashi. A wuri mai sanyi takan yi mako ɗaya zuwa biyu. Iskar firij tana busar da ita, in dole ne sai a naɗe sosai. A firiza takan kai wata uku, amma a bar ta ta saki a cikin naɗinta kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kanta. Gara ma a yi ta kwana ɗaya kafin ranar da za a bayar, washegari ta fi laushi. In kyauta za ku kai, ku rubuta a jikin kwalin cewa akwai wolnat da madara a ciki. A nan akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar wolnat da danginsa ko kaɗan, har yakan kai su asibiti, kuma makarantu da yawa ba sa barin a shiga da shi.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, Allah ya ba da sa'a.