Giyar Talaka da Giyar Mai Kuɗi a Zanen Ingila

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro. Malam Bala, yau ka shigo da wata takarda mai tayar da hankali. Mace ce zaune a kan matakala, jaririnta na faɗowa ƙasa, ita ko a jikinta.

Bala: Wa alaikumus salam. Wannan shi ne Gin Lane, wato Layin Barasa, na mai zane William Hogarth, an buga shi a Landan a 1751. Sassaƙa zanen ake yi a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna takarda, sai a yi ta fitar da kwafi. Sule ɗaya ake sayar da shi.

Rabi: Sulen nan namu na da?

Bala: Shi dai, daga wurinsu muka samo sunan. Duba gefe, kafinta ne ke jinginar da zartonsa don ya samu na sha.

Rabi: To ai malam ya yi wa'azi.

Bala: Rabin wa'azi dai. Tare da wannan ya fitar da Beer Street, wato Titin Giya, inda kowa ya yi ɓulɓul, ana kurɓar giya ana kasuwanci, shagon mai karɓar jingina ne kaɗai ke rushewa. Wato barasa mai zafi ta talakan unguwar St Giles ce matsalar, giyar mutanen kirki kuwa lafiya lau.

Rabi: Laifi tudu ne ke nan.

Bala: Shi ya sa na fi ganin ƙoƙarin George Cruikshank. Shi kansa tsohon mashayi ne. A 1847 ya fitar da The Bottle, wato Kwalba, zane takwas. Na farko gida ne mai rufin asiri, miji ya ɗauko kwalba yana lallashin matarsa ta ɗan kurɓa. Daga nan aiki ya tafi, aka kwashe kayan ɗaki, ƙaramin yaro ya rasu. A na bakwai ya kashe ta da kwalbar, a na takwas yana gidan mahaukata.

Rabi: Subhanallahi. Amma Malam, ba ka ganin ya zuzuta? Daga kurɓa ɗaya sai kisan kai?

Bala: Ya zuzuta, ban musa ba. Sai dai ki ga wani zanen nasa, The Worship of Bacchus, wato bautar gunkin giya na Romawa, wanda aka buga a 1864. A ƙasa ya jera bikin suna, ɗaurin aure da zaman makoki, ko'ina an ɗaga kofi, masu kuɗi da limaman coci a ciki. Can sama kuma ga kurkuku, ga gidan mahaukata.

Rabi: Wato ya taɓo masu gida.

Bala: Har fadar Windsor aka kai wa Sarauniya Victoria asalin babban zanen na fenti a 1863, tun kafin a buga kwafin. Faɗinsa ya kai mita 4, yanzu yana hannun gidan adana zane na Tate.

Rabi: Miƙo min na Hogarth in sake duba kafintan nan.